Ɗigo Bakwai

Shagona na aski yana Bagalam,
daura da mai faci, kusa da famfo.
Kujera biyu, madubi mai tsaga,
sai akwatin gilashin da Miko ya haɗa mini
da ragowar tagar wani attajiri.
Jika uku na ba shi, ya rantse ba ya yoyo.
Ya yi yoyo. Muka liƙe, muka zuba ruwa.

Kifi biyu na saya hannun wani direba,
ƙulle a leda kamar zoɓon tasha.
Jan, mai tumbi, yara suka sa masa Alhaji.
Baƙin, mai zagaye ba hutu, Kabu-kabu.
Yaron da ke ihu in ya ga almakashi
sai ya yi tsit, ya bar mini kansa a hannu,
idonsa yana cikin ruwa.

Wata Laraba na ga fari a gefen Alhaji,
kamar ya kwana cikin buhun kaɗa.
Wutsiya ta tsattsage, ya ƙi abinci,
ya jingina da dutsen da na tsinto a Gulbi.
Mai maganin dabbobi na bakin kasuwa
ya san ciwon akuya, ya san na zabo.
Ya ce, "Na ci ne?" Na ce a'a.
Ya ce, "To, bar shi da ruwa."

Ina da ƴar kwalba a aljihun tebur,
ba ta kai babban yatsa ba:
man icen shayi, na masu ƙurajen ƙeya.
Ba shi da dangi da shayin Ɗan Tani,
warinsa tsakanin turare da kananzir.
Na ce, abin da ya kwantar da ƙurji a wuyan jandarma
ɗan kifi ne zai gagare shi?
Na manta jandarma ba ya numfashi da ruwa.

Ɗigo bakwai. Ni na ƙirga.
Man ya ƙi nutsewa, ya baje a sama
kamar idon miya a tukunyar mai rowa.
Da la'asar kuran ya yanke,
ƴar na'urar kumfa ta yi shiru.
Kabu-kabu, da lafiyarsa ƙalau tun safe,
ya taso yana buɗe baki, yana rufewa,
kamar mai kiran wani daga ƙasan ruwa.

Tsoho Nomau na Madarumfa ke kan kujera,
rabin kai aske, rabi sabulu.
Ya shinshina, ya miƙe da ƙyallen a wuya.
"Me ka zuba? Kawo bokiti!
Shekara arba'in ina jefa taru,
ban taɓa ganin kifi ya nemi mai ba
sai ranar suya."
Muka kwashe rabi, muka yaɗe saman da tsumma,
muka ɗebo na randa wanda ya kwana,
ya murza gishiri kaɗan tsakanin yatsu.
Sabulun kansa ya bushe, bai kula ba,
hankalinsa yana kan ruwa.

Da asuba na tarar da Kabu-kabu ciki sama.

Alhaji kuwa, kwana goma, kaɗar ta zube.
Miko ya ce man ne. Nomau ya ce gishiri.
Matata Haɓsu ta ce kwanansa ne bai ƙare ba.
Ni ban sani ba.
Abin da na sani, mai lafiyar na binne
gindin dogon yaro, cikin kwalin reza.

Kwalbar ta koma ga wuyan jandarma.
Jiya ɗan Kalla ya hau kujera,
ya leƙa, ya sake leƙawa, ya ce, "Ina baƙin?"
Na ce ya tafi Jibiya ɗauko fasinja.
Ya ce, "Yaushe zai komo?"
Na kunna injin, na ce, "Sunkuyo."
Bai sunkuyo ba. Yana kallon ruwa.